Yadda za ka zaɓi littafin firogiramin, mai hira ko mai ɗaure fuska

Littattafan koyon firogiramin kusan kala biyu ne, akwai wanda marubucin ke jan ka da hira da hotuna da barkwanci irin jerin Head First na kamfanin O'Reilly, akwai kuma wanda ba ruwansa da wasa, bayani kawai sai kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, kamar littafin yaren firogiramin na C da Brian Kernighan da Dennis Ritchie suka fitar a 1978, bai ma kai shafi 300 ba amma sakin layi ɗaya sai ya tsayar da kai rabin awa.

Kafin ka saya ko ka sauke, kar ka tsaya kan gabatarwa. Tsallaka tsakiya ka nemo babin abin da bai zauna maka ba tukuna, lup ne (maimaita umarni) ko fankshin (gungun umarni da ake kira da suna ɗaya), ka karanta, ka rufe littafin, ka buɗe kwamfuta ka rubuta kod ɗin da kanka ba leƙe. In ya yi aiki to salon nan ya karɓe ka. In ka tsinci kanka kana kallon sikirin kawai, canza.

Na dage kan wannan gwajin ne saboda littafi mai hira yana da yaudara wallahi, karatun na tafiya sumul kana murmushi kana gyaɗa kai sai ka ɗauka ka gane, alhali labarin ka riƙe, kod ɗin bai shiga ba. Duk da haka in yanzu ka fara shi nake ba ka shawara, don abin da ke korar sabon shiga tsoro ne da gajiya, kuma marubucin da zai ce maka kar ka damu kowa na rikicewa a nan yana hana ka ajiye littafin. Sharaɗin dai kowane babi ya zo da aikin gwaji, kuma ka yi su.

Mai ɗaure fuskar sai ka fara gina wani abu naka tukuna zai yi maka daɗi, lokacin da erro, wato saƙon kuskure, ya fito kana son amsa yanzu yanzu, ba ka da haƙurin bin shafi uku na labari kafin a kai ka ga layi biyun da kake nema. Shi ba a karanta shi a kwance fa, kaɗan kaɗan ake bi, kana buga kowane misali kana canza lambobi ka ga me zai faru. Ka kuma duba shekarar bugu ko wane iri ka ɗauka, littafin Python 2, tsohuwar sigar yaren Python, ba zai yi maka ba tunda an daina kula da ita tun 2020.