Yadda za ka zauna lafiya da Glivec in kana shansa kullum

Masu kansar jini irin wadda likitoci ke kira CML, yawanci imatinib ake ɗora su a kai, wato Glivec, 400mg kullum. Tun 2001 aka fara amfani da shi a Amurka, a Najeriya kuma mutane da yawa a asibitin koyarwa na Ile-Ife suka saba karɓarsa kyauta. Maganin yana aiki sosai, amma fa yana da nasa wahalhalun, kuma wahalhalun nan ne ke sa wasu su ajiye shi da kansu, to wannan shi ne babban kuskure, don cutar tana iya dawowa ta ƙi jin maganin.

Tashin zuciya shi ne na farko. Kar ka sha shi da cikinka wayam, ka ci abinci mai nauyi tukuna, tuwo ko shinkafa, sai ka haɗiye da ruwa babban kofi, kuma kar ka kwanta nan take. Wasu sun fi jin daɗinsa da abincin dare. In azumi ne, ka tambayi likita ko za ka mayar da shi bayan buɗe baki. Amma wanda aka canza wa zuwa nilotinib, wani maganin CML ɗin na daban, nasa akasin haka ne, ba a haɗa shi da abinci, sai awa 2 bayan an ci, sannan a jira awa 1 kafin a sake ci.

Sai kumburi, musamman gefen ido da safe, ka tashi ido ya yi luhu-luhu kamar wanda ya kwana kuka. Ka ƙara filo, ka rage gishiri da magi, in ƙafa ce ka riƙa ɗora ta a sama. In nauyinka ya ƙaru cikin ƴan kwanaki ko numfashi na maka wuya, wannan ba na zaman gida ba ne, asibiti kai tsaye. Haka zazzaɓi da ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki, ko zubar jini, ko ido ya yi ɗorawa.

Ɗaurewar tsoka a sha-raɓa da tsakar dare kuwa, ka miƙe ƙafar ka ja yatsu wajenka, ka yawaita shan ruwa, ka gaya wa likita ya duba kalsiyam da magneziyam.

Abin da ba a cika faɗa ba, maganin na sa fatar baƙi ta yi haske, har a fara tsegumi wai mutum na bilicin, mata sun fi shan wannan surutun a gidan biki. Ba laifinki ba ne Hajiya, maganin ne, ki dai rage shiga rana.

Don Allah a bar zuwa kemis a sayi magani kai tsaye. Ko farasitamol ba a yawaita shi saboda hanta, maganin tarin fuka rifampicin yana rage wa Glivec ƙarfi, jiƙe-jiƙen gargajiya ma a nuna wa likita tukuna. Mace mai son haihuwa ta yi magana da likita kafin ta ɗauki ciki. In ka manta na jiya, kar ka haɗa biyu yau. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta abin da ka ji da ranar, ka tafi da shi duk lokacin gwajin jini.