Kusurwar akwati ta lanƙwashe a ordinatar amma ta ƙi a waya, ga yadda za ka gyara

Ƴan uwa masu haɗa sit, wanga matsala kusan kowa na cin karo da ita: ka sa border-radius: 12px, wato umarnin CSS (yaren tsara kamannin shafi) mai lanƙwasa kusurwar akwati, a Chrome ɗinka akwati ya fito sumul, sai kiliya ya buɗe a wayarshi ya turo maka hoto a WhatsApp, kusurwa a tsaye cak kamar bulo. Kafin ka fara zargin burawuza ka duba abin da ke cikin akwatin, don galibi can matsalar take.

Shi border-radius kanshi ya daɗe da zama lafiya. Tun 2011 Firefox 4 da Internet Explorer 9 suka karɓe shi ba tare da ƙarin -moz- ko makamancinshi a gaban sunan ba, don haka -moz-border-radius da ake ta kwafowa daga tsohin darussa ba shi da sauran amfani, goge shi kawai.

Abin da ya fi jawo matsalar shine hoto. Ka lanƙwasa akwati amma hoton da ke ciki na nan da kusurwarshi mai tsini, sai ya leƙo waje ya rufe lanƙwasar. Sa overflow: hidden ga akwatin uwa, wato wanda hoton ke ciki, don ya yanke abin da ya leƙo waje, shi ke nan. Amma a iPhone, musamman tsohon Safari, burawuzar iPhone, in hoton na motsi da transform ko animation sai ka ga ya sake ɓullowa ta kusurwa ko da ka sa overflow ɗin, to nan ka ƙara isolation: isolate ga akwatin, in bai ji ba ka gwada transform: translateZ(0). In akwai padding, wato tazara, tsakanin akwati da hoto kuma kar ka ba su lambar border-radius ɗaya, cire padding daga ta waje, misali waje 16px, padding 6px, ciki ya zama 10px, in ba haka ba kusurwar na yin kauri ta yi muni.

Tebur kuma nashi halin daban. Duk wanda ya yi ma mai butik jerin farashin kaya ya san border-collapse: collapse, mai haɗe layukan tebur su zama ɗaya, to muddin yana nan kusurwa ba za ta lanƙwashe ba, kuma ba kuskuren wata burawuza ba ne haka dokar CSS take. Maida shi separate, ka sa border-spacing: 0.

Maɓalli da gurbin rubutu, iPhone na sa musu nashi salon. Rubuta -webkit-appearance: none sannan appearance: none, daga nan ka ba su lanƙwasar da kake so. Kuma 50% na bada da'ira ne kaɗai in tsawo da faɗi daidai suke, maɓalli mai tsawo 9999px za ka sa mishi. In launin baya na ɗan tsiyayowa ta gefen layi, background-clip: padding-box.

Sai Opera Mini, burawuzar waya, wanda ni a ganina nan ne ya kamata mu yi hankali mu da ke aiki a Maradi, don har yanzu akwai masu amfani da shi saboda tsimin mega da raunin rezo. In yana kan yanayin tsimi mai tsanani, sabar Opera ce ke sarrafa shafin ta matse shi kafin ya iso waya, kuma a hanya lanƙwasar na ɓacewa. Ba lambar da za ka rubuta ta dawo da ita. Wasu na yanka ƙananan hotuna su liƙa a kusurwa huɗu irin na zamanin Internet Explorer 8, don Allah kar ka yi, kana ƙara ma mutum nauyin shafi ne alhali forfe ɗinshi yake lallaɓawa. Bar akwatin ya fito da kusurwa a tsaye, kai dai ka tabbata rubutu na karantuwa maɓalli na dannuwa.

In ka gama gyara danna Ctrl da F5 tare don burawuza ta saki tsohon CSS da ta ajiye. Wayar kiliya ma na iya riƙe tsohon, sai ka canza adireshin fayil ɗin zuwa style.css?v=2 don ta ɗauko sabo, sannan ka ari Tecno ko itel na wani a gida da iPhone in ka samu, ka buɗe shafin a kowace kafin ka tura mishi.