Yadda Ake Nannaɗe Jariri Ba Tare Da An Cutar Da Shi Ba

Duk mai jego ta san wannan daren. Jariri ya sha nono, ya yi barci a hannu, kin lallaɓa kin kwantar da shi, sai kawai ya zabura, ya watsa hannuwa kamar zai faɗo daga sama, ya tsala kuka. Wannan zaburar ba ciwo ba ce, halitta ce da ake haihuwar kowane lafiyayyen jariri da ita. Likitoci suna kiranta da sunan Ernst Moro, likitan yara ɗan Austiriya da ya yi bayaninta a 1918, kuma tana gushewa da kanta tsakanin wata huɗu zuwa shida. Kafin nan, nannaɗe shi cikin zani yana riƙe masa hannuwa, ya samu nutsuwa irin wadda ya saba da ita a ciki.

Sai dai naɗi iri biyu ne: akwai mai sa barci, akwai mai jawo illa. Bambancinsu bai wuce abu huɗu ba. Ƙirji a kama shi daidai, ƙugu a sake shi, fuska a bar ta a buɗe, a kuma kwantar da yaro rigingine.

Tun kafin ki ɗauko zani, ki san lokutan da ba a naɗi. Awar farko bayan haihuwa ta ƙirjin uwa ce, fata da fata, a lulluɓe ku tare ya kama nono. Jaririn da aka haifa bakwaini, ko wanda nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba, ɗumin jikinki ya fi masa kowane bargo. Wannan shi ne renon kangaru da aka faro a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a fara shi tun daga haihuwa. Haka kuma ba a naɗe yaron da jikinsa ya yi zafi. Wannan asibiti yake bukata, a ranar.

Zanin da ya dace shi ne na auduga marar kauri, mai kusan mita ɗaya kowane gefe. Fallen atamfar da ta sha wanki har ta yi laushi ya fi sabuwa mai sitati. Shawul ɗin nan mai gashi da ake kawowa a kayan barka yana da kyau a hoton ranar suna, amma ki ajiye shi, yana tara zafi ƙwarai. Ki canza wa yaro ƙunzugu, ki karya bakin ƙunzugun ƙasa da cibiya don ta sha iska ta bushe, ki sa masa riga ɗaya marar nauyi.

Da farko ki shimfiɗa zanin a kan katifa, kusurwa ɗaya tana kallon sama. Ki karyo wannan kusurwar ƙasa kamar tsawon tafin hannunki, ta yadda saman zai zama miƙaƙƙen baki. Ki kwantar da jariri a tsakiya, rigingine, kafaɗunsa daidai da bakin nan. Kai da wuya su kasance a waje gaba ɗaya.

Sai ki riƙe hannunsa na dama a hankali, ko a gefen jikinsa ko a lanƙwashe kan ƙirji. Wasu jariran sun fi son hannu kusa da haɓa, kuma babu laifi a bar musu haka. Ki jawo ɓangaren zanin na wannan gefe ya ratsa kan ƙirji, ki bi da shi ta ƙarƙashin hammatar hagu, ki soke shi a bayansa, nauyin jikinsa ya danne.

Yanzu ƙasa, kuma a nan nake so ki tsaya ki saurare ni da kyau. Za ki ɗago kusurwar ƙasa ki kawo ta sama a sake, ki soke ta a bakin zanin da ke kan ƙirji. Kada ki miƙar masa da ƙafafu. Kada ki haɗe su ki ɗaure. Ki dubi jaririnki idan yana kwance tsirara: gwiwoyi a lanƙwashe, cinyoyi a buɗe, kamar zaman kwaɗo. Haka ya zauna a ciki, haka kuma mahaɗar cinya da ƙugu take bukata don ta ginu, domin a watannin farko ramin da kan ƙashin cinya ke zama a ciki guringuntsi ne mai taushi. Idan aka miƙe ƙafa da ƙarfi aka matse, kan ƙashin yana iya gocewa daga ramin. Abin tausayin shi ne yaro ba ya kukan ciwo, sai ya fara tafiya a ga yana ɗingishi. A Japan an daɗe ana ɗaure jarirai ƙafa a miƙe, gocewar ƙugu ta yi yawa, har aka yi gangamin wayar da kai na ƙasa a 1975, matsalar ta ragu sosai bayan iyaye sun bar wannan ɗauri. Mu kuwa goyo ya yi mana rana, domin yaron da ke bayan uwa da majanyi cinyoyinsa a buɗe suke, kuma likitocin ƙashi sun lura gocewar ƙugu ba ta da yawa a wuraren da ake goyo haka. Idan kakar yaro ta ce a miƙe ƙafa kada ta karkace, ki yi mata bayani cikin ladabi: lanƙwasar ƙafar jariri tana miƙewa da kanta yayin da yake girma.

A ƙarshe ki kama hannun hagu kamar yadda kika yi wa na dama, ki jawo ragowar zanin ya ratsa ƙirji, ya zagaya, ki soke a baya. Ba fil, ba allura, ba igiya.

Ki gwada aikinki. Ki zura yatsu biyu ko uku tsakanin ƙirjinsa da zanin. Idan ba su shiga ba, kin matse numfashi, ki warware ki sake. Idan kuma zanin yana zamewa, shi ma haɗari ne, domin zai iya hayewa kan hanci. Sannan ki taɓa ƙasa ki tabbata yana iya ɗaga gwiwoyi ya buɗe su.

Kwanciya rigingine kawai, dare da rana. Jaririn da aka naɗe ba shi da hannun da zai ture kansa idan fuskarsa ta nutse a katifa, shi ya sa kwanciyar rub da ciki ko ta gefe take ƙara haɗarin mutuwar farat ɗaya cikin barci. Shimfiɗa ta zama mai tauri, babu filo, babu tarin tsummoki, gidan sauro a soke shi nesa da fuskarsa. Yawancinmu gado ɗaya muke kwana da jarirai. In haka ne, kada ki naɗe shi a wannan daren, domin ɗumin jikinki da na bargonki sun ishe shi, kuma yana bukatar hannuwansa.

Zafi shi ne abin da muka fi sakaci da shi, don tsoron sanyi ya yi mana yawa. A watan Afrilu, lokacin da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, ƙunzugu da zani ɗaya sun wadatar, wata rana ma naɗin bai kamata ba sam. A hunturu a ƙara riga. Kada ki auna da tafin hannu ko ƙafa, su kullum da ɗan sanyi suke. Ki taɓa ƙeya ko ƙirji. Gumi, jiƙaƙƙen gashi, ƙurajen zafi ko saurin numfashi duk suna cewa a rage kaya. Zafin jikin jariri na lafiya yana tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Kaskon garwashi a rufaffen ɗakin jego kuwa a fitar da shi, iskar da yake fitarwa ba ta da wari amma tana kisa.

Lokacin shan nono ki warware shi. Sabon jariri yana bukatar nono sau 8 zuwa 12 a dare da yini, kuma da hannu yake fara nuna yunwa, yana kai shi baki. Wanda aka naɗe yana iya zarcewa da barci har lokacin shansa ya wuce.

Ranar da kika ga ya fara yunƙurin mirginawa, naɗi ya ƙare, ko da yana jin daɗinsa. Wasu tun suna wata biyu suke farawa. Don haka tun kafin lokacin ki riƙa fitar masa da hannu ɗaya na 'yan kwanaki, sannan duka biyun, daga nan ki koma sa masa rigar barci mai dogon hannu daidai da yanayin gari.