Yadda ake zaɓar kwamfaila don tsohon shirin Fortran ko COBOL ya yi gudu

Kuskuren da sababbin shiga suka fi yi shi ne su sauke kwamfaila biyu (manhajar da ke juya rubutaccen kod zuwa shirin da kwamfuta ke gudanarwa), su harhaɗa tsohon shirin da kowacce ba tare da sun ba ta wani zaɓi ba, su duba agogo, su yanke hukunci. Wannan gwaji bai nuna komai ba. Idan ba a ce wa gfortran, kwamfailar Fortran ta GNU, komai ba, a -O0 take aiki, wato ba ta inganta kod ko kaɗan. Ta Intel kuwa tun farko a -O2 take, kuma takan sassauta ƙa'idar lissafin lambobi masu ɗigo. An ɗaure wa doki ɗaya ƙafa, an saki ɗayan, sannan aka ce a yi tsere.

Fara da furosesar da shirin zai yi aiki a kanta, ba wadda ke gabanka ba. A kan Intel, ka gwada gfortran da ifx, sabuwar kwamfailar Intel. Kada ka ɗora sabon aiki a kan ifort, tsohuwar kwamfailarta, domin Intel ta daina fitar da ita ta koma ifx. A kan AMD ko ARM, gfortran ce ta farko, sai Flang. Idan za a kai lissafin kan katin NVIDIA, nvfortran ce, wadda a da ake kira PGI. Dukansu kyauta ne. Ta NAG ta kuɗi ce, kuma ƙarfinta wajen bankaɗo kuskure yake, ba gudu ba.

Mataki na biyu shi ne ka sa shirin ya harhaɗu. Tun daga gfortran 10, idan nau'in abin da aka miƙa wa sabrutin bai dace da abin da take jira ba, kwamfaila tana tsayawa. Zaɓin -std=legacy ko -fallow-argument-mismatch zai bar ka ka wuce, amma ka adana gargaɗin da ta fitar, za ka dawo kansu. A tsohon tsarin rubutu, duk harafin da ya wuce gurbi na 72 a layi ana watsar da shi ba tare da ƙorafi ba, har sunan ma'ajiya (wato variable) ya guntule ya zama wani suna daban.

Mataki na uku ne ake tsallakewa, kuma nan ne aiki ke lalacewa. Kafin ka nemi gudu, ka samo amsar da ka yarda da ita. Harhaɗa da -O0 -g -fcheck=all -finit-real=snan -ffpe-trap=invalid,zero,overflow, ka gudanar da shirin, ka ajiye sakamakon. Da yawa daga cikin shirye-shiryen shekarun 1970 da 1980 sun dogara da halin tsofaffin kwamfailoli. Suna ɗauka cewa ma'ajiya tana farawa da sifili, ko kuma tana riƙe ƙimarta daga kira zuwa kira ko da ba a rubuta SAVE ba. A -O0 abin yakan wuce bisa sa'a. A -O3 kwamfaila ta mai da ma'ajiyar cikin rajista, sai amsa ta canza, mutum ya ce kwamfailar ce ba ta da kyau. Kod ɗin ne da laifi. Zaɓin -fno-automatic a gfortran, ko -save a Intel, yana rufe ɓarakar na ɗan lokaci, amma yana rage gudu kuma ba ya jituwa da OpenMP, tsarin raba aiki tsakanin cibiyoyin furosesa. Gyaran gaskiya shi ne ka sa SAVE a inda ake bukata kawai.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan ɓuya. Ƙa'idar Fortran ta hana a miƙa jeri ɗaya sau biyu ga sabrutin da za ta canza shi. Da wannan alkawari ne kwamfaila ke sake tsara madaukai ba tare da tsoro ba, shi ne ma babban dalilin da Fortran ke yawan tsere wa C a lissafi. Tsohon kod da ya karya alkawarin zai iya ba da amsa ɗaya a gfortran, wata daban a ifx, babu wadda za ta yi gargaɗi. Sai ka bi kiraye-kirayen da ido.

Bayan haka sai tsere na adalci. A gfortran: -O2, sannan -O3 -march=native, sannan ka ƙara -flto. A ifx: -O2, sannan -O3 -xHost, sannan -ipo, kowanne tare da -fp-model precise, wanda ke hana ta sassauta ƙa'idar lissafi. Zaɓi ɗaya a kowane gwaji, gudanarwa biyar, ka ɗauki ta tsakiya, da bayanai masu girman aikin gaske. Kowane sakamako ka kwatanta shi da wanda ka ajiye. Bambanci a lamba ta 14 ko ta 15 ba abin damuwa ba ne, a lamba ta 4 kuwa ka tsaya. Ba na yarda a taɓa -Ofast ko -ffast-math sai an gama wannan, domin suna sake jeranta tarawa kuma suna ɗauka babu NaN, wato sakamakon lissafin da ba lamba ba ne. Shi ma -march=native, shirin da aka harhaɗa da shi zai iya faɗuwa a tsohuwar furosesa. A gfortran, zaɓin -fopt-info-vec-missed zai nuna maka madaukan da suka ƙi ingantuwa.

Idan rabin lokacin shirin a ninka matiris yake tafiya, sauya BLAS ta asali, wato tarin sabrutin na lissafin matiris, da OpenBLAS ko MKL ya fi sauya kwamfaila riba nesa ba kusa ba. Ka kuma tuna fayilolin .mod, waɗanda kwamfaila ke fitarwa ga kowane module, na wata kwamfaila ba sa aiki da wata, don haka tarin kod na waje kamar MPI da NetCDF sai an sake harhaɗa su.

A COBOL zancen gajere ne. GnuCOBOL tana juya kod zuwa C, sai gcc ko clang ta ƙarasa, don haka ka ba cobc, umarnin harhaɗawarta, zaɓin -O2. A kan z/OS, tsarin manyan injinan IBM, ka sa OPT(2) da ARCH (zaɓin nau'in inji) ɗin da ya dace da injin mafi tsufa da zai gudanar da shirin. Ma'ajiyar ƙidaya a madauki ka mai da ita COMP-5 (nau'in binary), ta kuɗi kuma ka bar ta a COMP-3 (nau'in decimal).