Yadda ake bibiyar matakan wata a ƙasashen da agogonsu ya bambanta

Mai sauraren rediyo ya saba jin ana cewa "ƙarfe kaza agogon GMT, wato ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar", kuma wannan sabon shi ne rabin aikin bibiyar wata. Haihuwar wata, wato lokacin da yake shiga tsakanin duniya da rana, tana faruwa ne a daƙiƙa guda ga duk duniya, haka ma cikarsa. Agogon da kowace ƙasa ke karanta wannan daƙiƙar da shi ne kawai yake bambanta.

Da farko a samo lokacin haihuwar watan daga jadawalin masana ilimin taurari ko manhajar waya, a kuma tabbatar da wane agogo aka rubuta shi. Yawancin jadawalai suna amfani da UTC, wanda a wannan aikin daidai yake da GMT, amma manhajoji da dama suna juya lokacin zuwa agogon wayar mutum ba tare da sun faɗa ba, kuma wanda bai lura ba sai ya ƙara sa'a a kan lokacin da aka riga aka ƙara wa.

Daga nan sai a juya lokacin zuwa agogon garin da ake so. Gana tana kan GMT daidai. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi suna gaba da sa'a 1, Sudan da sa'a 2, Saudiyya da sa'a 3, birnin Jakarta na Indonesiya kuma da sa'a 7. Ingila da yawancin jihohin Amurka suna matsar da agogonsu gaba da sa'a guda a lokacin zafi, don haka sai an duba watan da ake ciki. Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne ranar da kanta tana iya sauyawa. A ranar Litinin 8 ga Afrilu 2024, ranar da aka yi husufin rana a Arewacin Amurka, an haifi wata da ƙarfe 18:21 agogon GMT. A New York ƙarfe 14:21 ne na rana, a Kano 19:21, a Makka 21:21, a Jakarta kuwa ƙarfe 01:21 ne na daren da ya shiga Talata 9 ga wata. Saboda haka kalanda biyu za su iya nuna ranaku daban, kuma babu wadda ta yi kuskure.

Mataki na uku shi ne mafi muhimmanci a ganina, domin a nan ne ake haɗa haihuwar wata da tsayuwarsa alhali ba abu ɗaya ba ne. Ana neman lokacin faɗuwar rana a garin, sannan a lissafa sa'o'in da suka wuce tun haihuwar watan. A misalin da ya gabata, rana ta faɗi a Kano wajen ƙarfe 18:40 na Litinin, kafin a haifi watan, don haka babu jinjirin da za a gani a ranar, wadda ta kasance 29 ga Ramadan. An cika azumi talatin, Sarkin Musulmi ya sanar da Laraba 10 ga Afrilu a matsayin ranar Ƙaramar Sallah. Da magaribar Talata kuwa, watan yana da kimanin sa'a 16 da rabi a Jakarta, 21 a Makka, 23 a Kano. Wannan ne dalilin da ya sa ƙasashen da ke yamma suka fi samun sauƙin ganinsa: magaribarsu tana zuwa a makare, watan ya ƙara nisa da rana. Jinjirin da bai kai sa'a 15 ba ido ba ya kama shi, kuma ko ya wuce haka, hazo ko hadari na iya rufe shi. Lissafin yana taimaka wa mai duba ne ya san inda zai sa ido, sanarwar tsayuwar wata kuma ta hukumomin da aka ɗora wa alhakin ce.

Sauran matakan ba su da wahala. A ajiye ɗan littafi ana rubuta lokacin fitowar wata da siffarsa kowane dare. Bayan kwana bakwai da 'yan sa'o'i zai zama rabi, yana sama da magariba, ya faɗi wajen tsakar dare. A daren sha huɗu ko sha biyar yana hudowa daga gabas kusan lokacin da rana ke faɗuwa, daga nan kuma fitowarsa tana jinkiri da kimanin minti 50 kullum. Idan ana kwatanta hotuna da ɗan'uwa a wata ƙasa, a tuna cewa yawan hasken kusan ɗaya ne, amma karkatarsa ta bambanta: a Landan gefen dama ne ke haske a farkon wata, a Johannesburg ta Afirka ta Kudu gefen hagu, a Kano kuwa sau da yawa yakan kwanta kamar ƙwarya.

Domin samun haihuwar wata mai zuwa, a ƙara kwana 29 da sa'a 12 da minti 44 a kan lokacin GMT, sannan a juya zuwa agogon gari. Wannan matsakaici ne, yana iya kaucewa da sa'o'i da yawa, don haka a riƙa gyara shi da jadawali kowane wata.