Yadda ake karanta littafin tarihin yaƙe-yaƙen Larabawa da Isra'ila

Kafin ka buɗe babi na farko, duba shekarar da aka fara buga littafin. A da, Isra'ila da Birtaniya suna sakin yawancin takardun gwamnati ne bayan shekara 30, don haka takardun yaƙin 1948 ba su shiga hannun masu bincike ba sai ƙarshen shekarun 1970 zuwa na 1980. Littafin da ya riga wannan lokaci ya dogara ne da jaridu da bakin janar-janar da 'yan siyasa. Yana da amfani, amma ba a rufe zance da shi a kan dalilin ficewar Falasɗinawa wajen 700,000 daga gidajensu, ko korarsu aka yi ko tsoro ne ya fitar da su, ƙauye bayan ƙauye.

Daga nan ka juya ƙarshen littafin, inda marubuci ya jera majiyoyinsa. Abin nema shi ne ko ya karanta Larabci da Ibrananci duka biyun. A nan matsalar take: rumbunan takardun soja na Masar da Siriya da Iraki galibinsu a rufe suke har yau. Saboda haka marubuci kan iya gaya maka abin da aka faɗa a majalisar ministocin Isra'ila, sa'a bayan sa'a, amma idan ya zo kan Alƙahira sai ya koma ga littattafan da manyan hafsoshi suka rubuta bayan sun ajiye aiki. Irin waɗannan kuwa kowa wanke kansa yake yi. Shugaba Anwar Sadat da babban hafsan sojinsa Saad Shazly sun saɓa ƙwarai kan harin da Masar ta kai ranar 14 ga Oktoba 1973, wanda ta yi asarar tankoki masu yawa a cikinsa. Littafin da ya kawo bakin ɗaya kaɗai bai gama aikinsa ba.

Ka ajiye taswira a gefe, wadda ta nuna layin tsagaita wuta na 1949, da yankin Sinai, da Mashigin Tiran, da Tuddan Golan. Ba tare da ita ba, ba za ka gane me ya sa rufe Tiran da Masar ta yi a watan Mayun 1967 ya zama babbar magana ba: ta nan jiragen ruwa ke bi su isa tashar Eilat ta Isra'ila. Sai ka ɗauki takarda guda ka rubuta shekarun: 1948, 1956, 1967, 1969 zuwa 1970, 1973, 1982. A ƙarƙashin kowace, ka sa wanda ya fara harbi, da yankin da ya sauya hannu, da abin da ya tsayar da faɗan. Na 1967 ya ɗauki kwana shida, daga 5 zuwa 10 ga Yuni, Isra'ila ta kama Sinai da Zirin Gaza da Gaɓar Yamma da Gabashin Ƙudus da Golan. Na 1973 ƙuduri mai lamba 338 na Kwamitin Sulhu ne ya nemi a tsayar da shi.

Alƙaluma su ne suka fi yaudarar mai karatu. Idan aka ce ƙasashen Larabawa biyar sun taru a kan Isra'ila ita kaɗai a watan Mayun 1948, gaskiya ne, amma ka tambayi sojoji nawa kowa ya kai fagen daga, kuma a wane wata. Tsagaita wutar mako huɗu da ta fara 11 ga Yunin 1948 ta sauya lissafi, domin a cikinta makamai daga Chekoslobakiya suka ci gaba da shiga Isra'ila, kuma kafin ƙarshen shekarar sojojin Isra'ila sun kusa 100,000. Marubucin da ya ba da adadi guda na yaƙin gaba ɗaya ya ɓoye maka wannan. Haka ma adadin mamata: Isra'ila na da jerin sunayen nata, wajen 6,000 a 1948, amma na ɓangaren Larabawa ƙiyasi ne mai faɗi.

Ka kuma lura da wurin da labarin ya fara. Wanda ya fara da 15 ga Mayun 1948 ya tsallake watanni biyar da rabi na faɗa tsakanin Yahudawa da Falasɗinawa, tun bayan ƙudurin raba Falasɗinu da Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar ranar 29 ga Nuwamban 1947, kuma dubban ɗaruruwa sun riga sun bar gidajensu a cikin waɗannan watanni. Wanda ya ba da labarin 1956 bai ambaci yarjejeniyar sirri da Isra'ila da Birtaniya da Faransa suka ƙulla a Sèvres, kusa da Paris, kafin a kai wa Masar hari ba, ka ajiye shi ka nemi wani.

Idan ka gama, ka zaɓi babi ɗaya, misali ƙetare Mashigin Suez da sojojin Masar suka yi ranar 6 ga Oktoba 1973, ka karanta shi a littafin marubucin ɗaya ɓangaren. Ka rubuta inda suka yarda da juna a shafi guda, inda suka saɓa a wani shafin, sannan ka bi kowane saɓani zuwa majiyar da marubucin ya dogara da ita.