Kurakuran masu zanen itatuwa da masu rataye zane a gida

Duk matashin da ya kawo mini zanen itace in duba, kusan nakan san abin da zan gani tun kafin ya warware takardar: gangar jiki miƙaƙƙiya mai ruwan ƙasa, a samanta dunƙulen kore shar, kamar an soka tsinke a curin fura. Idan na tambaye shi wane itace ne wannan, sai ya ce ai abin da ke ransa ya zana. Wannan amsa ba ta karɓuwa a wurina, domin wanda bai san yadda reshen kuka yake fita daga jikinta ba, ba shi da abin da zai karkata ko ya kambama har ya isar da abin da ke ransa.

Abin takaicin shi ne a Zariya ake wannan, garin da rimi ya ba unguwanni suna, irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko. Rimi yana da saiwoyi masu fitowa kamar bango a gindinsa, rassansa kuma shimfiɗe suke hawa hawa. Kuka tsirara take tsayawa da rani. Ɗorawa tana sako jajayen furanni masu reto a lokacin da ciyawa ta bushe. Gawo kuwa saɓanin sauran yake yi, yakan zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, amma na sha ganin an zana shi luf da ganye a tsakiyar gonar dawa mai tsanwa, kuma duk manomin da ya kalli zanen zai gane mai shi bai taɓa zuwa gona ba. Wasu ma itatuwan ƙasashen ƙanƙara suke kwafowa daga intanet. Ku tuna cewa a nan garin ne, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, don a daina kwaikwayon Turawa ido rufe a koma ga abin da ke ƙasarmu. Ni dai al'adata ita ce in ɗauki gawayi da takarda bayan la'asar in zauna gaban itace guda, in zana gangar jiki da rassa kawai, ina lura da tagogin sararin sama da ke tsakaninsu, ba na kuma taɓa fenti sai na iya zana shi da ka.

Kore kai tsaye daga robar fenti kuskure ne, a karya shi da ɗan ja. Inuwa ba baƙa ba ce, shuɗi da ruwan ƙasa sun fi ba da ita. Dutsen Kufena a cikin hazon hunturu dishi dishi yake, bai kamata ya fito da ƙarfin itacen da ke gaba ba. Mai aiki da fentin mai ya juya fuskar zanen ga bango kafin ya bushe saboda ƙura, kada kuma ya shafa man sheƙi sai bayan wata 6.

Kuskure na biyu na masu saye ne da masu firam, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Na taɓa kai wa wani mai firam bugun hannu na zanen tsamiya, mai lamba da sa hannun mai zanen da fensir a ƙasa, aikin da na daɗe ina tara kuɗinsa. Mutumin ya liƙe shi da salatif a kan kwalin katan, ya danne da gilashi. Damina ɗaya ta wuce, laima ta taru a bayan gilashin, fumfuna ta yi ɗigo ɗigo a kan sararin saman zanen, salatif ya bar rawayen tabo a kusurwoyi huɗu, da na zo ɗagawa kuma fatar takardar ta biyo gilashin. Don Allah, masu firam, takardar zane ba fostar siyasa ba ce! Dole a sa kwali mai taga tsakanin takarda da gilashi don iska ta samu wuri, kwalin ya zama marar sinadarin asid, a kuma maƙale takardar daga gefen sama kaɗai domin tana buɗewa da damina ta tsuke da hunturu. Yanzu ba na barin aikina a shago, a gabana ake haɗawa, ko da mai shagon zai ɓata rai. Nakan kuma sa ɗan guntun roba a bayan firam don kada ya manne da bango, kuma duk ƙarshen damina nakan sauke in duba ko gara ta yi hanya.

Wanda zai buga kwafin zane ya daina amfani da hoton da aka turo ta WhatsApp, domin an riga an matse shi, kuma bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci. A tambayi mai bugawa ko tawadarsa mai garin launi ce, don tawadar rini saurin koɗewa take yi. Kada a rataye inda ranar yamma take faɗowa ta taga, ko a bangon da ke jingine da banɗaki. Sannan mutanenmu suna son kai zane can kusa da silin, inda sai an ɗaga wuya ake ganinsa. Tsakiyar zanen ta kasance kamar santimita 145 daga ƙasa, a falon da ake zama kan darduma kuma ni nakan ƙara saukar da shi kaɗan.